Karen Ruwa a Gindin Kanya

Shekaranjiya na bi ta tsohuwar koramarmu a kan amalanke, ina dawowa daga kasuwar Dungas. Na ce korama ne don bakina ya saba, amma ba komai a wurin sai rairayi da kashin awaki. Jakin ko tsayawa bai yi ba, don ba abin da zai sha. Mai amalanken magidanci ne, har da ƴaƴansa. Na nuna masa wani ɗan tudu na ce nan karen ruwa yake zama a da. Ya waiwayo ya ce, "Baba, kare kuma a ruwa? Ina ruwan yake?" Mutumin da ya buɗe ido ya tarar da fari, ba ka iya gwada masa korama da baki.

Lokacin da nake saurayi ruwan nan ba ya ƙafewa, rani da damina. Ba wani babban kogi ba ne, kar in yi ƙarya. Wani wurin ka tsallake da ƙafa, wani wurin ya buɗe ya zama tafki, ya sha kan mutum. Amma kullum yana nan. Da sassafe kafin ka ga kowa za ka ji kukan jigo, ƙii, ƙii, kowa na jan ruwa yana ba lambunsa, kwaɗi ba su gama nasu surutun ba, mata sun fara bugun wanki a kan gungume. Rake muke sawa a fadama, da rogo da albasa, gero kuma yana can tudu. Aikina tun tasowata jigo ne, har yau kantar igiyar tana hannuna. Yanzu sai ka haƙa ka haƙa har ka gaji kafin ka ga laima, kuma abin da a da muke miƙa wa maƙwabci ta kan darni, yau sai an je kasuwa.

A bakin lambunmu, daidai inda ruwan ya fi zurfi, akwai wata kanya. Mutum uku ba sa rungume ta. Ruwa ya cinye ƙasar gindinta ta gefe guda, saiwoyin suka fito fili kamar yatsun tsoho, a ƙarƙashinsu kuma karen ruwa ya yi gida. Ga wanda bai san shi ba, dabba ce da ta kusa ƙaramin kare, jiki sumul mai duhu, wuya fari-fari, ga gashin baki, ga wutsiya mai kauri. Hannuwansa kamar na jinjiri, da su yake lalube cikin taɓo ya zaro kwaɗo ko tarwaɗa. Kukansa fito ne, siriri, kamar makiyayi na kiran tumaki daga nesa.

Na sha tsayawa da guga a hannu ina mamakin zaman waɗannan biyu wuri ɗaya, don ba abin da ya haɗa su sai ruwa. Kanya ba ta motsi. Inda kakan kakana ya gan ta, nan na same ta. Kowa a jikinta yake ci. Yara su tsinci ƴaƴanta, tsuntsaye su yi sheƙa, mata su fake da rana, mai ciwon ciki ya ɓare ɓawo ya tafi, ita ko uffan. Shi kuwa ba ya tsayawa ko na ƙiftawar ido, kuma ba ya ba kowa komai, sai dai ya ɗauka. Ka kafa gora don kifi, ka dawo ka tarar ya yaga ta ya jera maka kawuna a kan gaɓa, kamar da gayya. Ita kana dafa ta duk sa'ad da ka so. Shi ko ganinsa sai ka yi sa'a, ka ga kai ya ɓullo, ka nuna wa na kusa da kai, kafin ya juyo sai zoben ruwa. Kakata, uwar babana, takan zauna a gindin kanyar tana kaɗi. In ta ji fiton sai ta ce mini, "Maigida, ga ƙaninka can na kira. Halinku ɗaya, ku ci ku gudu." In ce, "Ke kuwa tsohuwa, ke da kanyar nan ban san wadda za ta riga faɗuwa ba." Ta ce, "Ni da ita duk ciki ya rarake, amma sai mun ga furfurarka."

Wata shekara sai ga gardin daji, irin waɗanda Nasara ya ɗora a kan itatuwa, ya zo bisa doki da gwangwani a rataye. Ya bi fadama yana shafa wa manyan itatuwa wani jan launi mai wari, wanda ruwa ba ya wankewa. Da ya shafa wa kanyarmu sai ya kira Baba ya ce, "Wannan ta gwamnati ce daga yau. A gonarka take, kai ne mai tsaronta. Reshe ya faɗi, kai za a tambaya. Ta mutu, sai gidan kaso." Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, in iska ta kayar fa?" Ya ce, "Sai ka kamo iskar ku taho Magarya tare." Aka yi dariya don dole. Daga ran nan ko ɓawo Baba bai ƙara barin a ɓara ba.

Abin ya faru gab da kaka. Ruwan sama ya ɗauke, gero ya nuna, saura kwanaki a sa masa wuƙa. Kumandan na Magarya, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ya fito zagayen ƙauyuka, ya tsaya da hantsi a gindin kanyar don dawakinsa su sha. Duk muna durƙushe. Sai kuwa ja'irin nan, wanda sai ka yi mako ba ka gan shi ba, ya zaɓi wannan lokaci ya ɓullo da kifi a baki, ya yi rigingine a kan ruwa yana ci. Kumandan ya tuntsire da dariya, ya tafa hannu, ya yi wa tafintansa magana da Faransanci, suka hau suka wuce. Muka ce shi ke nan, Allah ya raka taki gona, kowa ya koma aikinsa.

Bayan kwana biyu mai gari ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Sa'an Baba ne, tare suka yi kiwo, amma ran nan ko zama bai yi ba. Ya ce, "Malam, kumandan na son dabbar nan. Da ranta, ba gawa ba. An gina mata kwarmin ruwa a bariki, wai madam ɗinsa ta riƙa kallo. Ran Juma'a gardi zai zo ɗauka." Baba ya ce, "Mai gari, mu manoma ne. Yaushe muka zama masunta?" Ya ce, "A gindin itacenka take." Baba ya ce, "Itacen gwamnati dai." Mai gari ya ce, "Kar ka ja ni da baki, ni ma daga sama aka sauke mini. In ba a samu ba, an ce in ba da mutum ɗaya daga gidan nan a aikin hanya." Yana faɗi yana kallon ƙasa, amma kowa ya san wa ake nufi. Aikin hanya kuwa ba sai an yi wa kowa bayani ba a lokacin. A ɗaura wa samari igiya a yi arewa da su ɗaukar dutse. Wasu su dawo, wasu a aiko da rigarsu. Gidanmu hauya biyu ce, ta Baba da tawa. Ƙannena duk ba wanda ya isa ɗaukar dami.

Kwana uku muna fama. Muka aro koma muka shinfiɗa, ya huda ta ya fita. Muka sa kifi a gora muka ɗaure bakinta da igiya, ya cinye ta baya. Muka kawo karnukan farauta, suka yi ta haushi a bakin ruwa, ba wanda ya yarda ya jiƙa ƙafa. Ran Laraba da safe Baba ya ɗauki sandarsa ya ce za shi Waca, ya ji labarin wani masunci da ya san sha'anin ruwa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce mini, "Ka ba irin albasa ruwa. Kanyar nan kuma kar ka kusance ta sai na dawo."

To, duk wanda ya tashi a tudu ya san yadda ake fid da gafiya daga rami. Ka bi ƙofofin ka toshe, ka bar biyu. Ka cusa ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa da ɗan barkono a ɗaya, ka hura wuta, ka tsaya a ɗayar da buhu. Hayaƙi na cika ramin za ta fito da gudu ta faɗa hannunka. Na yi wannan ban san iyaka ba, a cikin sa'o'ina ba wanda ya fi ni. Ina jan jigo ina kallon saiwoyin nan, ina ƙirga kwana, saura biyu. Na ce a raina rami dai rami ne. Na ajiye guga. Na lalubo ƙofa huɗu a tsakanin saiwoyi, na liƙe biyu da taɓo, na je gida na ɗebo ƙaiƙayi da garwashi a kasko. Kakata na wurin da mazarinta. Ta ce, "Maigida, wutar mece ce wannan?" Na ce, "Ƙanina zan kamo miki." Ta ce, "Ubanka ya ce me?" Na ce, "Ba ubana za a kai ɗaukar dutse ba." Ta ajiye mazarin a cinya.

Na hura, wuta ta kama, na zaga na durƙusa da buhu a buɗe. Na jira. Gwiwata ta yi tsami. Ba motsi, ba tari, ba komai. Can sai na ji fito a bayana. Na waiwaya, ga shi a tsakiyar tafki, kai a waje, ruwa na ɗiga daga gashin bakinsa, yana kallona. Ashe ƙofar gidansa ta gaske tana ƙarƙashin ruwa, inda manomi ba zai taɓa tunanin dubawa ba. Tun ina haɗa ƙaiƙayi ya fita. Na tashi zan zage shi, sai na lura da wani abu. In kana turara ramin gafiya hayaƙi yakan dawo maka a fuska har ka yi hawaye. Wannan ba ya dawowa. Ciki yake shiga, kamar ana zuƙarsa. Kakata ta ce, a hankali, "Ɗaga kanka." Na ɗaga. Hayaƙi na fita ta can sama, ta tsakanin manyan rassa, tsuntsaye sun tashi suna zagaye suna kuka. Maganar da tsohuwa take yi mini cikin wasa gaskiya ce. Cikin kanyar kogo ne tun daga saiwa har wuya, cike da busasshen ruɓaɓɓen itace, ni kuma na hura masa wuta ta ƙasa.

Na kwarma ihu. Mutanen fadama suka yo gudu da tuluna da ƙwarya. Muka yi ta zuba ruwa a ramin, ba ya kaiwa inda wutar take. Muka tona garwashi da hannu, muka liƙe ƙofofi da taɓo, ta sami iska ta wani wurin. Na hau sama da guga aka yi ta miƙo mini, in zuba a kogon, tururi ya bugo ni a fuska. In ka kara kunne a jikinta za ka ji tana gurnani kamar zugazugin maƙera. Kafin la'asar ganyen gefe guda ya yi laushi. Mutane suka fara janyewa ɗaya-ɗaya, ba mai kallon idona.

Baba ya dawo Alhamis da hantsi, shi kaɗai. Masuncin ya ce a gidansu ba a taɓa karen ruwa, ko wa ya aiko. Baba ya tsaya a gaban kanyar ya daɗe. Ya ɗora tafinsa a kan jan launin nan, wanda zafi ya sa ya kumbura ya tsattsage. Ina jira ya ɗaga sanda. Da ya doke ni da na fi samun sauƙi. Sai ya ce, "Ka ba albasa ruwa?" Na ce a'a. Ya ce, "Je ka ba ta."

A gida Inna ta riga ta fara ɗaure kaya. Iyakar ƙasar da Ingilishi ke mulki tafiyar rabin yini ce daga garinmu, yayanta na can, kuma ba mu za mu fara ba, gidaje da yawa sun tsallaka a kan abin da bai kai wannan ba. Ta ce, "Malam, mu tashi yanzu. Kafin rana ta faɗi mun wuce." Baba ya ce, "Geron fa? A ka za mu ɗauke shi? Tsohuwa fa, ke za ki goya ta?" Kakata ta ce, "Ku bar ni nan ku tafi. Wa zai kai ni kaso, ya ciyar da ni a banza?" Inna ta ce, "To shi ya tafi, shi kaɗai." Baba ya ce, "In ya tafi an san shi ne, kuma ni za a kama duk da haka. Sai gona ta rasa mu biyu. Kwance kayan nan." Sannan ya dube ni, karo na farko tun dawowarsa. Ya ce, "Gobe in sun zo kar in ji bakinka. Ko sunanka aka tambaya, ni zan faɗa."

Ran Juma'a gardi ya zo da wani akwati mai waya a gaba, an ɗora wa jaki. Mai gari na biye da shi a ƙasa. Babban reshe ya riga ya karye ya faɗa ruwa, hayaƙi na tashi siriri daga kututturen. Duk garin ya taru a fadama. Gardi ya zagaya kanyar a kan dokinsa sau biyu. Sannan ya ce, "Ina dabba?" Baba ya ce, "Ta tafi, ranka ya daɗe." Ya ce, "Madalla. Wa ya sa wuta?" Aka yi tsit, har kana jin itacen na ƙara daga ciki. Kowa a wurin ya sani. Ni na cusa hannuwana a hammata, don duk sun yi bororo. Baba ya ce, "Ni ne." Gardi ya ce, "Kai? An ce mini kana Waca." Baba ya ce, "Kafin in tafi na sa." Gardi ya bi mutane da ido, ya tsaya a kaina. Ya nuna ni da bulala. "Kai samari, kana jin sanyi ne? Fiddo hannunka." Na fiddo. Ya duƙo daga kan doki yana dubawa. Baba ya ce, "Wajen kashewa ya ƙone, kamar kowa. Duba na kowa." Sai wani tsoho maƙwabcin lambunmu ya miƙa nasa hannun. Na kusa da shi ya miƙa. Aka yi ta miƙawa, maza da mata, wasu da ƙuna, wasu ba komai sai baƙin gawayi. Gardi ya dube su ya yi tsaki. Mai gari ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, mai tsaron itace ya amsa da bakinsa. Gida ɗaya, mutum ɗaya ya isa."

Aka ɗaura wa Baba igiya a ƙugu, gardi ya riƙe bakinta. Na buɗe baki, kakata ta mintsine ni a baya har sai da ta fid da jini. Amma kar in ɗora wa tsohuwa. Ko ba ta mintsine ni ba, ba na jin da wata magana za ta fito. Tsoro ya riga ya cika mini baki, kuma a can ƙasan zuciyata na ji sanyi da ba ni aka ɗaure ba. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba. Baba ya bi bayan doki, jaki na gaba da akwati wayam.

Ni kaɗai na yanke geron, Inna da yara na tarawa. Kanyar ta yi kwanaki tana ci ta ciki kafin ta faɗi, kuma da damina ta zagayo gaɓar da saiwoyinta ke riƙewa ta zube, ruwa ya cinye mana gefen lambu. Shi kuwa ja'irin ya koma can ƙasa wajen wani kurmin goriba, ina jin fitonsa da safe, ko gashi ɗaya bai rasa ba. Wadda ta tsaya tana ba kowa ita ta ƙone, wanda aka zo dominsa yana can yana cin kifinsa.

Da na sa gero a rumbu na ɗauki fura da ƙuli-ƙuli na tafi Magarya. Na fara bi ta bayan bariki, na ga kwarmin da aka gina, agwagi na wanka a ciki. Na tambayi kukun gidan labarin karen ruwa, ya yi dariya ya ce, "Wane kare? Madam ta koma ƙasarsu tuni. Shi kuwa maigidan ko ka tuna masa ba zai gane ba." Ƴan kaso na same su a bakin hanyar bariki. An dasa ƴan ƙananan madatai, wato itatuwan madaci, a jere, ba su wuce gwiwa ba, kowane ɗaurarre an ba shi nasa ya riƙa shayarwa, daga wata rijiya mai nisa, tulu a ka, safe da yamma. In naka ya bushe a ƙara maka wata. Na hango Baba ya rame, wuyansa ya karkace. Mai tsaronsu ya bari muka tsaya gefe. Na ce, "Baba, zan je in faɗa musu gaskiya." Ya ce, "Dami nawa ka samu?" Na gaya masa. Ya ce, "Ka bar na iri daban?" Na ce na bari. Ya shanye furar, ya miƙo mini ƙwaryar, ya ce, "Ka riga ka yi wauta ɗaya, ta ishe mu. Ɗora mini tulun nan." Na ɗora masa.

Sai gab da shuka aka sako shi. Wuyan bai ƙara miƙewa ba, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko cikin faɗa.

Madatan nan yanzu sun zama manya, sun rufe hanyar da inuwa, masu shayi da masu gyaran keke duk a ƙarƙashinsu suke. Bara na je Magarya neman wata takarda a biro, ofishin gwamnati, ina jira, sai na ji wani matashin ma'aikaci yana ce wa abokinsa, a faɗi gaskiya Nasara ya iya shuka itace. Na ce masa Nasara bai taɓa zuba musu ko ludayi ɗaya ba. Na nuna masa na ce daga wancan mai karkataccen reshe zuwa na bakin kwana, guda shida, babana ne ya shayar da su. Ya dube ni, ya ce Allah ya jiƙansa, ya matsa ya ba ni wuri a kan benci cikin inuwar. Na ce ya bar shi. Na tsaya a rana har aka kira ni.